Aikin Albashi: Riƙewa Wuya, Saki Wuya



Ranar Asabar, 15 ga Maris, 2014, matasa suka cika filayen wasa da sauran wuraren tantancewa a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin da Kano da sauran manyan birane, kowa da takardunsa a hannu. Hukumar Shige da Fice ce za ta ɗauki ma'aikata. Guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema kuwa sun haura rabin miliyan, kuma kowannensu sai da ya biya naira 1,000 kuɗin fom. Kafin rana ta faɗi, turmutsutsu ya kashe aƙalla mutum 15.

Bayan shekara bakwai, a watan Agustan 2021, aka sake yin wani dogon layi a Abuja, wannan karon a wani babban otal. Likitoci ne, ciki har da ƙwararrun da suka daɗe a bakin aiki, suna jiran ganawa da wakilan da ke ɗaukar wa Saudiyya ma'aikata. A daidai lokacin likitoci masu neman ƙwarewa suna cikin yajin aiki. Waɗancan matasa neman shiga suke yi, likitocin nan neman fita, kuma duk ƙofa ɗaya ce, wato aikin gwamnatin Nijeriya.

Tsakanin layukan nan biyu akasarin masu albashi suke tsaye a yau. Ba su fita ba, zuciyarsu kuma ba ta ciki. Mutum zai kwana yana lissafin ajiye aiki, gari ya waye ya goge takalmi ya nufi ofis. Ranar da alat ya shigo waya sai ya ce Alhamdulillahi, da babu gara ba daɗi. Kafin goma ga wata kuɗin sun ƙare, tunanin jiya ya dawo sabo.

Sai an san darajar da aikin albashi ya samu a ƙasar Hausa kafin a gane nauyin wannan shawara. Kano garin fatauci ce tun kafin zuwan Bature, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ba da albashi ya tara dukiyarsa ba. Amma tun zamanin En'e, da aka fara ganin malamin makaranta da malamin asibiti da akawu da malamin gona suna karɓar kuɗi duk ƙarshen wata, ko damina ta yi kyau ko an yi fari, sai ma'aikaci ya samu wani matsayi na daban. Ɗan kasuwa yana iya wayar gari da riba ya kwana da asara, manomi kullum idonsa na sama, shi kuwa ma'aikaci kwanan wata kawai yake ƙirgawa.

A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya har da ariyas na watanni. Dattawan da suka ga lokacin har gobe suna ba da labarin yadda aka yi ta sayen babura da kekuna da rediyoyi. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125. Naira ta fi dala daraja a lokacin, saboda haka masinjan ofis yana ɗaukar abin da ya kai kimanin dala 200 a wata. Daga waɗannan shekarun ne iyayen yau suka gaji ra'ayinsu game da aikin gwamnati, kuma da shi suke auna 'ya'yansu.

Har yanzu ra'ayin yana aiki. In saurayi ya tura magabatansa neman aure, bayan asali da hali, abin da waliyyai ke tambaya shi ne, "Mece ce sana'ar yaron?" In aka ce ma'aikacin gwamnati ne, rabin bincike ya ƙare. Mai kanti a unguwa yana ba shi shinkafa da mai ya rubuta a littafi, don ya san wata zai ƙare. Mai gidan haya yana ɗaga masa ƙafa. Banki yana ba shi rance a kan albashi. Sannan albashin nan, in an bi diddigi, mutum goma ne ke ci a ciki: ga cefanen Hajiya, ga kuɗin makarantar ƙanne, ga ƙanwar da aka sako da 'ya'ya biyu, ga suna, ga biki, ga ɗan uwa daga ƙauye da aka kwantar a asibiti. Duk wanda zai rubuta takardar ajiye aiki, fuskokin nan ne ke tsaya masa a kan alƙalami.

To amma albashin da ya sayi wannan mutunci, shi ne ya zagwanye. A 2011 aka sa mafi ƙarancin albashi naira 18,000, wanda ya haura dala 100 a canjin lokacin. A 2019 ya koma naira 30,000. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, Jihar Kano kuma ta ɗora 1,000 a kai ya zama 71,000. Lambar ta ninka kusan sau huɗu a kan ta 2011, amma a canjin lokacin ba ta kai dala 50 ba. A tsakanin nan, ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta tsallaka 500 cikin kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A ƙarshen shekarar, buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi mafi ƙarancin albashi tsada.

A ɗauki ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a bayan gari, yana zuwa Sakateriyar Audu Baƙo ta Kano kullum. A ce kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ya ci masa naira 1,000 kacal a rana. Kwana 22 na aiki sun lashe naira 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin, bai ci abincin rana ba, bai sayi ko ƙwayar panadol ba. Gwamnatoci ma sun san lissafin nan. A watan Yunin 2023 jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako, dalilin da suka bayar kuwa shi ne tsadar sufuri. Wato mai biyan albashin da kansa ya yarda cewa abin da yake biya bai isa ya kawo ma'aikacinsa bakin aiki kwana biyar ba.

Me ke riƙe mutum ke nan? Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Binciken Hukumar Ƙididdiga ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya kansu suke yi wa aiki, masu albashi ba su kai kashi 20 ba. Kujerar da wani ke tunanin bari, wani yana shirin sayar da gonar gado ya saye ta. Wannan ba zuguguwa ba ce: a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, ya kuma saurari shaidun da suka ce sun biya daga naira miliyan ɗaya zuwa sama don a ba su takardar kama aiki. A Amurka, inda mutum sama da miliyan 47 suka ajiye aiki a 2021, guraben aiki sun fi masu nema yawa a lokacin. Ma'aikacin Gusau ko Dutse ba shi da wannan gata. In ya fita, ya san da wuya ƙofar ta sake buɗe masa.

Ga kuma gida. Da ya furta maganar, mahaifiya za ta ce, "Ɗan nan, kada ka yi wa Allah butulci. Wasu nema suke ido rufe." Uwargida za ta yi shiru, can da dare ta tambaya, "Yanzu Baban Khalifa, in kasuwar ba ta karɓe ka ba, ina muka nufa?" Abokai a majalisa za su kasu biyu, masu zuga da masu tsoratarwa, kuma cikinsu babu wanda zai biya masa kuɗin haya in abin ya ƙi.

Igiya mafi ƙarfi ita ce fansho. A aikin gwamnati ana yin ritaya ne bayan shekara 35 ana aiki ko cika shekara 60 da haihuwa, malaman makaranta kuwa dokar 2022 ta kai nasu shekara 40 ko 65. Wanda ya yi 20 sai ya ce saura 15, bari in daure. Amma yana ganin waɗanda suka daure ɗin. Gwamnatin Kano da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin ma'aikatan da suka rasu na kimanin naira biliyan 48. Dattawa da yawa sun mutu suna zaryar tantancewa, magada suka ɗora daga inda suka tsaya. Tabbacin ma da ake yi wa aikin kirari da shi, tarihi ya sha ƙaryata shi. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasunsu a rediyo suka ji sunayensu. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka kuma sallame su. Gaba kura, baya sayaki.

Waɗanda suka fi samun hanyar fita su ne masu takardar da ake nema a waje. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai, waɗanda suka rage kuwa kimanin 55,000 ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A watan Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce mutanenta 42,000 sun fita cikin shekara uku. Wanda ke mamaki ya tuna cewa har zuwa 2021, alawus ɗin haɗari da ake ba likitan da ke tu'ammali da masu zazzaɓin Lassa da tarin fuka da korona naira 5,000 ne a wata. Jami'o'i ma haka: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya kai wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka riƙe albashin malamai, kuma rigimar a kan yarjejeniyar da ƙungiyar da gwamnati suka sa wa hannu tun 2009 ce.

Amsar da hukuma ta fara bayarwa ita ce ta toshe ƙofa. A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudirin da zai hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. A 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta ce ba za ta tantance takardun mai son fita ba sai ya yi shekara biyu da kammala karatu yana aiki, ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Akwai hujja a ɓangaren hukuma, don da kuɗin talakawa aka koyar da akasarin likitocin nan a jami'o'in gwamnati, kuma idan ungozoma ɗaya tilo ta bar asibitin ƙauye, mata da yawa gida za su koma haihuwa. Sai dai likitan da doka ta ɗaure a ɗakin tiyata babu wuta, babu jini, babu safar hannu, jikinsa kawai aka riƙe. A watan Agustan 2024 gwamnati ta amince da wata manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta fi karkata ga rarrashi da kyautata yanayin aiki. Wannan ya fi kama da hankali, in har an aiwatar.

Amma, masu sauraro, likitan da ya rubuta takarda ya tafi Jidda ko Manchesta an san ya tafi. An cire sunansa, an san akwai gurbi. Ɓarnar da ta fi wannan ita ce ta wanda ya bar aiki a ɓoye, sunansa kuma yana nan daram a takardar albashi.

Kowa ya san shi. Shi ne wanda ke leƙo ofis da ƙarfe tara ya sa hannu a rajista, ƙarfe goma yana shagonsa a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa. Shi ne malamin da aka tura makarantar ƙauye, ya shirya da hedimasta a kan wani abu duk wata, shekara ta zagayo ɗalibai ba su san kamanninsa ba. Ita ce ma'aikaciyar asibitin da ke cikin birni tana sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, asibitin da aka rubuta sunanta kuwa mai gadi ne ke ba da magani. Wasu ma sun ƙetare teku. A watan Yunin 2024, bayan Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Folasade Yemi-Esan, ta bayyana cewa akwai ma'aikatan da suka koma ƙasashen waje da zama suna ci gaba da karɓar albashi, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin su dawo da kuɗin, a kuma hukunta shugabannin da suka rufa musu asiri.

Illar irin wannan tafiya ninki biyu ce. Aikin bai samu mai yi ba, gurbin kuma bai buɗe ba. A takarda makarantar tana da malami, asibitin yana da ma'aikaci, saboda haka ba za a turo wani ba. Matashin da ya gama NCE shekara biyar da suka wuce yana zaune a gida, alhali ajin da zai koyar yana nan babu kowa. Yaran da ke ajin kuma su ne za su gama aji shida ba su iya rubuta sunansu ba.

Abin takaicin shi ne yadda jama'a suka juya hukuncin. Wanda ya fito fili ya ce ba zan iya ba, ga kujerarku, shi ake kira mara godiya, ko a ce an yi masa asiri. Wanda ya riƙe kujera yana cin albashin aikin da bai yi ba, shi ake ce wa mai wayo, har a riƙa ba yara misali da shi. Malamai sun sha faɗa a kan mumbari cewa aiki amana ne, kuma ladan aikin da ba a yi ba akwai tambaya a kansa. Ana jin wa'azin ranar Juma'a, ranar Litinin a sa hannu a rajista a wuce kasuwa.

A nan ya kamata a yi adalci. Ƙaramin ma'aikacin da ke tashi daga ofis ƙarfe huɗu ya karɓi adaidaita sahu ya ja har goman dare, ko malamar da ke soya cincin a ƙarshen mako, ba su ci amanar kowa ba. Sun ba aikin lokacinsa, sun nemi cikon abinci da guminsu. Kundin Tsarin Mulkin 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kowace irin sana'a ko kasuwanci in ban da noma. An yi dokar ne don kada babban jami'i ya ba kamfaninsa kwangila, kuma ta nan tana da amfani. Amma ɗora ta a kan mai naira 71,000 mai 'ya'ya shida neman abin da ba zai yiwu ba ne, shi ya sa kowa ke taka ta, kowa kuma ya kawar da kai. Dokar da aka bari ana takawa a fili ita ce ke ba babban mai laifi mafaka, don zai ce ai kowa ma yana yi. Gyara ta yadda za ta bambanta mai neman ciko bayan tashi da mai guje wa aiki ya fi wannan shirun.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya fita ya dace. Kasuwa ba ta san digiri ba. Ma'aikacin da ya saba da alat duk wata, in ya buɗe shago, abu na farko da ke cin sa shi ne rashin bambance jari da riba. Dangi suna nan da buƙatunsu kamar da, ba su san cewa yanzu duk abin da ya ba su daga cikin uwar kuɗi ya fito ba. Wata shida, kanta ta yi fayau. Sana'ar POS da kowa ya ruga cikinta, yanzu a wasu titunan rumfa tana kallon rumfa. Kiwon kaji da ake yi wa kallon hanyar arziki, tsadar masara da waken suya ta rufe gonaki da yawa a 2023 da 2024. Masu fita waje ma ba duka suka iske abin da aka faɗa musu ba. Rahotanni sun nuna yadda wasu suka sayar da gida da mota suka biya dillalai don samun bizar aikin kula da tsofaffi a Ingila, suka isa suka tarar babu aikin. Daga watan Maris na 2024 kuma Ingila ta hana masu irin wannan bizar tafiya da iyalansu. Ƙwararren likita a Saudiyya yana samun ninkin abin da yake samu a gida sau da yawa, amma kwantiragi ne, ranar da aka ƙi sabunta shi sai haɗa kaya.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Malamin da ya bar aji ya koma sayar da waya yana iya samun kuɗin da ya fi na da, amma ranar da wani tsohon ɗalibinsa ya durƙusa ya gaishe shi a kasuwa ya ce, "Malam, kai ka koya mini lissafi," sai ya rasa abin da ke masa daɗi. Mutane da yawa suna son aikin nasu. Abin da ya gundure su shi ne albashin, ko shugaban da ke danne musu ƙarin girma, ko ganin yaron da ya zo jiya ya tsallake su saboda yana da uwa a gindin murhu.

Tarihin Arewa yana da misalin ajiye aiki da ya canza ƙasa. Malam Aminu Kano ya koyar a Midil ta Bauchi, ya je karatu Landan a 1946, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A zamanin da masu ilimin boko a Arewa ba su da yawa, kuma babban muƙami na jiran irinsa, sai ya ajiye aikin a ƙarshen 1950, watanni kaɗan bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta. Ya fita a fili, ya bayyana dalilinsa a rubuce, ya kuma san inda ya dosa. Bai tara dukiya ba har ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja shaida ne. Yau filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa na birnin sunansa suke ɗauke da shi. Ba kowa ne Malam ba, kuma mai barin aiki don ya ciyar da 'ya'yansa ba ya buƙatar wata aƙida kafin a ga uzurinsa. Abin ɗauka a wurinsa shi ne yadda ya fita.

Fita ta gaskiya tana da ƙa'ida, kuma da yawa ba su san ta ba sai sun yi asara. Dokar Ƙwadago, wadda ta fi shafar ƙananan ma'aikata, ta tsara wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Manyan ma'aikata kuwa sai su duba abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ce. A aikin gwamnati, ɗauke ƙafa ba izini babban laifi ne da ke kai wa ga kora, kuma korarre da wanda ya ajiye da kansa ba ɗaya suke ba ranar da za a nemi takardar shaida ko wani aikin. Wanda ke cikin tsarin fansho na asusun kai, wanda dokar 2004 ta kawo aka sabunta a 2014, kuɗin da ke asusunsa nasa ne, kashi 8 daga albashinsa da kashi 10 daga mai aikin, kuma suna bin sa duk inda ya koma. In bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya cirar kashi 25 cikin 100. Jihohi irin su Kano da Jigawa nasu tsarin daban ne, saboda haka ma'aikacin jiha ya je hukumar fansho ya tambayi shekarun da ake buƙata kafin a cancanci garatuti, kada ya fita saura wata uku ya cika su. Ya tuna kuma inshorar lafiyar iyalinsa a jikin albashin take, rancen banki ma haka. Ga wanda ya koma sana'ar kansa, tun 2019 akwai ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da zai iya shiga.

Sauran kuwa shawara ce da istihara, da gwada sana'ar a ƙarshen mako kafin a dogara da ita, da zama da uwargida da iyaye a yi musu lissafin a fili, tun da su ma abincinsu ne ake magana a kai.

Kira ga gwamnonin Arewa shi ne su biya garatutin waɗanda suka gama, don wanda ke ciki ya ga amfanin daurewa, su kuma bi makarantu da asibitocin ƙauye da rajista a hannu su ga wanda ke nan da wanda babu. Iyaye da abokai su daina yi wa wanda ya ajiye aiki a fili kallon wanda ya yi saɓo. Kai kuma ma'aikacin da ke sauraro, in za ka zauna, ka shiga ajin, ka zauna a asibitin, ka yi aikin da ake biyan ka. In kuwa zuciyarka ta riga ta tafi, rubuta takarda, ka ba da wa'adi, ka miƙa makullai da fayil-fayil, ka karɓi kwafinka mai hatimi, ka bar wa ɗan wani gurbin.